Wace kalmar Hausa za ta ɗauki "cob"?

Mai tambaya: Jama'a, barkanku da warhaka. Ana neman sunan Hausa na "cob", ginin ƙasa irin na Devon a kudu maso yammacin Ingila, wanda ake yin dakali da rumfa da shi har a Oregon ta Amurka, wuraren da ruwan sama ya yi wa katutu. Ginin tubali ya yi?

Magini: Bai yi ba, Malam. Tubali sai an cura, an shanya ya bushe, sannan a jera da kwaɓi. Shi wannan ɗanye ake ɗora shi, curi kan curi, ana dannawa har ya zama jiki ɗaya. Ya fi kusa da ginin rumbu.

Mai tambaya: To ginin laka fa?

Injiniya: Laka zalla ai tsagewa take yi in ta bushe. Yashi ne ya fi yawa a ciki: bokiti 1 na yumɓu, 2 zuwa 3 na yashi mai kaushi, gwargwadon ƙarfin ƙasar, sai dogon karan alkama. A kan tamfol ake tattakewa da ƙafa. Cura guda ka sake shi daga tsayin ƙugu: in ya watse, yumɓu ya yi kaɗan, in ya baje kamar waina, ruwa ko yumɓu ya yi yawa. Ni "ginin curi" nake gani. Ita kanta kalmar, a tsohon Turanci dunƙule take nufi.

Magini: Na yarda da curi. Amma duk wanda zai rubuta "dakalin curi" ya haɗa da sharaɗinsa, kada wani ya gina a fili damina ɗaya ta cinye. Mutanen Devon cewa suke yi bango na son hula da takalmi. Takalmin shi ne tushen dutse, santimita 45 zuwa 60 sama da ƙasa, a kan rami cike da tsakuwa don ruwa ya wuce. Hular kuwa rufi ne mai fitowa aƙalla santimita 60. A wuri mai ruwa, fara kafa ginshiƙai ka yi rufin, sannan ka yi gini a ƙarƙashinsa. Kada ɗori ɗaya ya wuce santimita 30 zuwa 45. In ka yi gaggawa, ƙasan zai yi tumbi. Ka huhhuda saman da sanda, ɗori na gaba ya sami abin kamawa. Mazaunin dakali kuma a ɗan karkata shi waje, a shimfiɗa falalen dutse ko katako.

Injiniya: Kuma ban da yaɓen siminti. Yana tsagewa, ruwa ya shiga ya rasa hanyar fita, bangon ya jiƙe ta ciki. In sanyi ya daskarar da ruwan, sai ya ɓarke. Yaɓen farar ƙasa ake yi, mai barin danshi ya fita. Can dai ba su da makuba.

Mai tambaya: Shi ke nan, ginin curi. Dakalin curi, rumfar curi. Wanda ya ce curi na fura ne, ya kawo tasa.