Kwamfuta ko sabuwar waya? Dillalai ku ba ni shawara

Dillalin Yelwa: Assalamu alaikum iyayena da 'yan'uwana. Ina dillancin gidajen haya da filaye a nan Garwa ta Kamaru, yawanci Yelwa, Rumde Ajiya da wajen Jambutu. Duk aikina a littafi yake da waya: sunan mai gida, kuɗin haya, ranar da wa'adin ɗan haya zai cika. Yanzu wayar ta cika da hotuna, in mai nema ya ce a turo masa gida mai ɗaki uku sai in yi ta lalube har ya gaji ya tafi wajen wani. Na tara dubu 150 na sefa. An yi mini tayin kwamfutar hannu okaziyo, wato wadda aka yi aiki da ita, HP, a dubu 130, wai Core i5 ce, amma batirinta awa ɗaya yake yi. Ban taɓa aiki da kwamfuta ba, ɗan yayata da ke lise, wato sakandare, shi ne zai koya mini. Kun kuma san halin wuta a nan in ruwan madatsar Lagdo mai ba mu lantarki ya ja baya. In saya, ko in zuba kuɗin a waya mai babban ciki? Wanda ya yi aiki da ita a sana'ar nan nake so ya faɗa mini gaskiya.

Abu Halima: Wa alaikumus salam. Sayi ta tebur da firinta da ondilar, wato batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, ka kama shago a bakin titi, mutane za su fi ganin girmanka. Ni haka na yi.

Ɗan Kusiri: Dubu 130 ai kyauta ce. A Injamena irinta ba ka samu ƙasa da 180, kwanan nan na taya.

Sarkin Zumuɗi: Wace kyauta? Cuta dai. A Duwala dubu 85 ƙanena ya sayo mini, har da jaka da caja. In kana da mai shiga Mubi ko Yola ma ta fi haka sauƙi, tunda naira ta faɗi.

Mai Gyara Domayo: Yayana, "Core i5" kawai ba bayani ba ne, akwai i5 da ta haura shekara goma. Ka sa ɗan yayarka ya duba lambar da ke bin ta. In ta fara da 8 zuwa sama, kamar i5-8250U, za ta ɗauki Windows 11 ba matsala. In tsohuwa ce a Windows 10 za ta tsaya, shi kuwa Microsoft ta daina kula da shi tun 14 ga Oktoba 2025. Ka tabbatar RAM ɗin 8 ne, ma'ajiyar kuma SSD ce, don tsohon faifai mai juyawa ba ya jure girgizar babur. Sannan ka dubi madannan. Na Najeriya da Dubai jerin QWERTY ne, namu na Faransanci AZERTY, in za ka riƙa rubuta yarjejeniyar haya da Faransanci wasulan nan masu alama za su ba ka wahala. Batiri kuwa, ka cire caja a gabansa, ka kunna bidiyo, ka zauna ka gani da idonka.

Baban Umma: Ɗana, bar batun batiri, saurari abin da ya same ni a Marwa. Wata baiwar Allah da mijinta ya rasu ta damƙa mini titir fonsiye, wato takardar mallaka, na filinta a wajen Pitoware in nema mata mai saye. Na kai wani shagon intanet a ɗauki hotonsa a zuba mini a kile, wato 'yar ma'ajiyar nan ta USB. Yaron shagon ya ɗauka, ya zuba mini, amma ya bar kwafin a fuskar kwamfutarsu, inda kowa ke zama ya biya ɗari biyu. Ni kuma na sa hotunan filin a Facebook da sunan shagona. Bayan wasu watanni ina alwalar la'asar sai ga jandarmomi biyu a kan babur. Ashe wani ya kwashi takardar, ya haɗa da hotunana, ya buɗe WhatsApp da sunana, ya karɓi kafin alƙalami na miliyan biyu daga wani ɗan kasuwa ta waya. Mutumin ya zo da takardar a buge, da lambar titir ɗin, da hoton bishiyar darbejiya da ke kusurwar filin, wadda ni na ɗauka da hannuna. A ofishin jandarmomin na kwana, takalmina da hulata a kan teburinsu. Babur ɗina na sayar na biya lauya. Aka wanke ni, amma matar ta zo ta karɓe takardunta a gaban maƙwabtana, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Yaron shagon ya rantse bai san komai ba, har yau yana nan yana aikinsa.

Hajiya Mai Ɗakuna: Innalillahi. Allah ya mayar da alheri, Alhaji.

Ɗan Kusiri: Amin. Amma mai sayen ma da nasa. Wa ke tura miliyan biyu bai taka fili ba, bai je ofishin filaye ya nemi satifika na mallaka ya ga sunan da ke rajista ba? Tun dokar 1974 cinikin fili mai titir sai a gaban notar, wato mai tabbatar da takardun ciniki a hukumance, in ba haka ba banza ne.

Baban Umma: Faɗi ba wuya. Kai ba ka kwana a can ba. Ni dai tun ranar babu takardar mutum da ta ƙara shiga na'ura ta hannuna. Mai so ya zo ya gani a shago, ya karanta, ya miƙo mini abata.

Mai Gyara Domayo: Baba, Allah ya huci zuciyarka, amma labarinka hujja ce ta ya sayi tasa. Da kwamfutarka ce da takardar ba ta kwana a shagon kowa ba. Ko da waya ma, manhajar Google Drive tana ɗaukar takarda ta mai da ita PDF, kuma suna ba da giga 15 kyauta. In dole sai an tura wa mai saye, a rufe lambar titir da sa hannu, a rubuta sunan wanda aka tura wa da kwanan wata a gicciye a kan shafin. Kuma kowa ya sa wa WhatsApp ɗinsa lambar sirri ta mataki na biyu, kada ya karanta wa kowa lambobi shidan nan da ke shigowa ta saƙo, ko da ya ce daga kamfani yake.

Baba Tsohon Dillali: Yaro, kai mai gyara ne, ribarka ita ce mu saya ta lalace mu kawo maka. Shi ya ce wanda ke cikin sana'a yake nema. Tun ana ce wa jirgin ƙasa sabon abu a Ngaundere nake haɗa ciniki, da lawan da jauro da shaidu, ban taɓa danna komai ba.

Sarkin Zumuɗi: Baba ai kwamfutarsa na ƙarƙashin hula, duk rasit na Ngaundere a can yake 😂

Hajiya Mai Ɗakuna: To ni ina cikin sana'ar, Baba, sai a ji tawa. Ɗakunan ɗalibai nake kula wa masu su a Dang, kusa da jami'ar Ngaundere. Excel kaɗai ya ishe ni dalilin saye. Layi ɗaya na kowane ɗaki: sunan gida, lambar ɗaki, mai haya, wayarsa, abin da ya biya, saura, ranar cikar wa'adi. 'Yata ta saita mini, wanda wa'adinsa ya kusa sai layinsa ya koma ja. Mai gida ya kira daga Yawunde yana tambayar lissafi, in danna Ctrl da F in rubuta sunansa, kafin ya gama gaisuwa na samo. Hotuna kuma kowane gida da jakarsa, sunan unguwa a gaba, sai yawan ɗaki, sai kuɗi. Ƙanena na Yelwa, maganin matsalarka ta lalube ke nan. Amma ka saba da Ctrl da S kamar numfashi, kuma kada ka ɗora ta kan katifa, zafin Garwa na Maris da Afrilu zai dafa ta.

Abu Halima: Hajiya nawa kike ba da ɗaki yanzu? Ɗana zai shiga jami'a bana.

Hajiya Mai Ɗakuna: Same ni ta gefe, Malam.

Mala Barno: Duk wannan dogon zance a kan dubu 130? In Bafillace ne mai tambayar ya sayar da maraƙi ɗaya ya sayi duka biyun, ya daina ɓoye dukiya a daji.

Bello Pumpumre: Ji bawana Babarbare! Kai da kile ɗaya kuke karɓa-karɓa ku bakwai a gidanku.

Baban Umma: Kile ɗin nan ma da kuke wasa da shi, wanda na kai shagon nan da ciwo ya dawo. Duk jakunkunan suka koma wasu 'yan kibiyoyi, ka danna ba komai. Hotunan gidaje na shekara da shekaru.

Mai Gyara Domayo: Baba, yawanci ba su goge ba, ƙwayar cutar kwamfuta ce ke ɓoye su. In kile ɗin na nan kawo mini, ba zan karɓi ko dala ba. Kada dai a yi masa foma, wato a share shi gaba ɗaya.

Baban Umma: Na jefa shi a masai tun tuni.

Indo Jambutu: Ni waya zan ce. Wa zai ɗauki kwamfuta a kan babur ya kai mai nema ganin gida? Waya mai giga 128 tana nan dubu 90, Tecno ko Itel, da sauran kuɗin ka sayi fawa banki. Google Sheets na aiki a waya. Hoto in za ka tura, ka tura shi a matsayin takarda ko ka danna HD, in ba haka ba WhatsApp na rage masa kyau. Kuma ka riƙa ajiye alamar kowane fili a Google Maps, musamman na wajen gari da babu lamba babu titi, damina na yi ciyawa ta rufe bornoni, wato alamomin iyakar fili.

Ɗan Kusiri: Dubu 90? A nan 65 ce, sabuwa a kwali.

Sarkin Zumuɗi: Ta 65 ɗin nan kwalin ne kawai sabo.

Bello Pumpumre: Indo, ajiye alama don kanki daidai ne, amma kada wanda ya tura wa mai nema. Na tura wa wani ma'aikaci da aka yi wa canjin aiki zuwa Garwa, ya ce yana so matarsa ta ga unguwar. Washegari ya bi alamar har ƙofar gida, ya yi sallama da mai gidan, suka daidaita a tsakaninsu. Da na je neman la'adata mai gidan ya ce shi bai san da ni a cinikin ba, alhali ni na nemo mai fenti, ni na sa aka kwashe sharar tsakar gidan.

Hajiya Mai Ɗakuna: Wannan ciwon kowa ne. Ni sai an biya kuɗin gani nake fita, dubu biyu, kuma sai mai gida ya sa hannu a takarda cewa kuɗin hayar wata ɗaya shi ne la'adata.

Baba Tsohon Dillali: Kuɗin gani kuma? Wannan ne ya zubar mana da mutunci. A da mai gida kunyar dillali yake ji, don gobe ma zai neme shi. Yanzu kowane yaro mai waya dillali ne. Ya kwashi hoton da ka sha rana ka ɗauka, ya sa a shafinsa, ya ƙara dubu goma a kai.

Indo Jambutu: Shi ya sa nake rubuta lambata a tsakiyar hoto, Baba, ba a gefe ba, don na gefe yanke shi suke yi.

Dillalin Yelwa: Na gode ƙwarai iyayena. Ɗan yayata ya duba, ya ce i5-6300U ce, RAM 8, da SSD. Mai ita ya sauko dubu 115, ya ba ni zuwa Juma'a. Mai Gyara, a haka ta yi?

Bello Pumpumre: Hajiya, takardar nan da kike sa su sa hannu, in mai gida ya ƙi biya ina kike kai ta? Ni na kai ƙara wajen lawan, ya ce mu je mu sasanta, mai gidan ya miƙo mini dubu biyar wai in sha ruwa. Hayar dubu 60 a wata fa, kuma shekara guda ya karɓa a dunƙule.

Ɗan Kusiri: A saye da sayarwa ma haka ne. Mu kashi 10 muke cewa, a ƙare a 5.

Abu Halima: Wane 10? Kashi 5 ne ko'ina, rabi daga mai saye rabi daga mai sayarwa.

Baban Umma: Ku kuna ma samun na faɗa a kai. Filin matar nan daga baya wani yaro ya sayar da shi, da hotunana, bishiyar nan tana ciki. Ko sisi ban gani ba.

Bello Pumpumre: To wa zai shige mana gaba mu zauna, mu na Garwa ko da mu goma ne, mu tsayar da magana ɗaya a kan la'ada? In muka yarda duk mai gidan da ya cinye haƙƙin ɗaya babu mai ƙara kai masa ɗan haya, za su gyara. Baba, kai ne babba, a Ngaundere yaya kuke yi da irin waɗannan?