Neman shawara: ana ba jariri maganin raɗaɗi kafin a saka masa bututun numfashi?

Tambaya daga wata nas:

Assalamu alaikum, manyana da abokan aiki. Ba a daɗe da mayar da ni sashen jarirai masu tsananin rashin lafiya ba, kuma abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ake saka wa bakwaini bututun numfashi idonsa biyu. Nas ɗaya za ta riƙe kansa, wata ta danne hannuwansa, likita ya zura ƙarfen duba maƙogwaro, jaririn yana miƙa yana ƙoƙarin kuka, bugun zuciyarsa yana sauka a allon na'ura har ƙararrawa ta fara ƙara. Da na yi tambaya, sai aka ce haka aka saba, kuma maganin sa barci yana iya ɗauke masa numfashi. Shin wannan shi ne daidai? Idan ba shi ba ne, ta yaya ƙaramar ma'aikaciya za ta tayar da maganar ba tare da an ɗauke ta mara kunya ba?

Amsar wata likitar yara:

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Jariri yana jin zafi, kuma wannan ba abin gardama ba ne yanzu. Har cikin shekarun 1980 akwai likitocin da ke yi wa jarirai tiyata da maganin kashe zafi kaɗan ko babu, sai a 1987 binciken Dakta Anand ya nuna cewa bakwainin da aka ba fentanil, wani maganin kashe zafi mai ƙarfi, lokacin tiyata sun fi waɗanda ba a ba ba samun sauƙi bayan aikin. A 2015 kuma masu bincike a Jami'ar Oxford suka ɗauki hoton ƙwaƙwalwar jarirai, suka ga sassa 18 daga cikin 20 da ke amsa zafi a jikin babba suna amsawa a jikin jariri.

Saukar bugun zuciyar da kika gani ba tsautsayi ba ce, taɓa maƙogwaro ne yake motsa jijiyar da ke rage gudun zuciya. A lokaci guda iskar oksijin tana raguwa a jini, jini yana hawa, matsi yana ƙaruwa a cikin kai, kuma jijiyoyin ƙwaƙwalwar bakwaini ba su da ƙwari, shi ya sa ake tsoron zubar jini a wurin. Jaririn da yake kokawa kuma ya fi wahalar saka wa bututu, sai a yi ta maimaitawa. Saboda haka a 2010 Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa ba da magani duk lokacin da aikin ba na gaggawa ba ne, takwararta ta Kanada ma ta faɗi haka a 2011. Abin da aka fi haɗawa shi ne atrofin don kare bugun zuciya, fentanil don kashe raɗaɗi, sai mai sassauta tsoka irin su suksametoniyam. Mai sassauta tsoka shi kaɗai zalunci ne, domin jaririn zai ji komai, motsi ne kawai ba zai iya ba.

Amsar wani likitan sa barci:

Na yarda da Dakta, amma Sista, kada ki yi watsi da tsoron da aka nuna miki, yana da tushe. Duk wanda ya ba da waɗannan magunguna ya ɗauki alhakin numfashin jaririn a hannunsa, don haka kafin a buɗe kwalbar allura sai an tabbatar akwai oksijin, da ambu, wato jakar hura iska da hannu, mai abin rufe fuska daidai girman jaririn, da na'urar zuƙe majina mai aiki, da wanda ya ƙware wajen hura masa iska idan bututu ya ƙi shiga. Inda babu waɗannan, ni ba zan sassauta wa jariri tsoka ba.

Fentanil a hankali ake tura shi, cikin minti ɗaya zuwa biyu, domin idan aka tura shi da sauri ƙirji yana iya sandarewa har iska ta ƙi shiga, kuma dole naloksan, maganin da ke warware aikin fentanil, ya kasance a kusa. Morfin yana jinkirin kamawa, sau da yawa an gama saka bututun kafin ya fara aiki sosai. Midazolam, maganin sa barci, ba ya kashe zafi, kuma ba a son sa ga bakwaini saboda yana saukar da jini. Jaririn da aka haifa da ƙaramar haɓa ko wata matsalar maƙogwaro, ba a hanzarin ɗauke masa numfashinsa. Wanda kuwa ya faɗo ba ya numfashi a ɗakin haihuwa, ba a jiran komai, ceton rai ake yi.

Amsar wata babbar nas:

'Yata, a wurare da yawa matsalar ba ta ilimi ba ce, ta shiri ce. Fentanil yana kulle a akwatin magunguna masu sa maye, makullin yana hannun wani, da tsakar dare kuwa sai a ga jiran ya fi aikin tsawo. Sannan akwai lissafi: kwalbar tana ɗauke da maikirogiram 50 a kowace mililita, bakwaini mai nauyin kilo 1 kuwa abin da yake buƙata bai wuce maikirogiram 1 zuwa 4 ba, wato ɗigon da sirinji ba zai auna daidai ba sai an sirka. A nan ake yin kuskuren ninki goma, don haka mutum biyu ne za su duba kafin a tura. Nono ko ruwan sukari a baki yana taimakawa wajen ɗibar jini a diddige, amma bai isa wannan aikin ba.

Kada ki yi maganar a bakin gadon jariri, likita yana tsakiyar aiki. Ki sami shugabar sashenku ku kai ta taron sashe, ku roƙi likitocin yara da masu harhaɗa magunguna su rubuta ka'ida guda, da jadawalin awo gwargwadon nauyi, a manna shi a jikin teburin farfaɗo da jarirai, a kuma fayyace wanda zai riƙe makullin a aikin dare.