Mahaifin da bai yi lakwal ba, me zai iya yi wa karatun ɗansa?

Malam Issoufou: Assalamu alaikum. A taron iyayen yara na ranar Asabar an ce kowace Juma'a malamai za su riƙa rubuto mana abin da aka koyar cikin mako, domin a bi wa yara a gida. Ni ina ganin wahala ce kawai za a ƙara musu, domin iyaye da yawa a nan Tahoua ba su yi lakwal ba, kuma wanda bai ji Faransanci ba babu abin da zai yi da wannan takarda. Mai hali ya ɗauki malamin da zai koyar a gida ya biya shi a wata, marar hali ya bar wa makaranta aikinta.

Madam Zeinabou, malamar ajin CP (aji na biyu na firamare): Wa alaikumus salam, Malam. Abin da nake roƙo ga uwa ba ya buƙatar Faransanci ko kaɗan. Ta sa yaro ya buɗe kayensa, wato littafin rubutunsa, bayan sallar magariba, ta duba ko an yi sabon rubutu yau, ko akwai jan bik na malami, sannan ta ce ya karanta da ƙarfi yana bin layi da yatsa. Idan ya zuba karatu kamar ruwa alhali idonsa yana kan bango, hadda ce ya yi, sai ta nuna masa wata kalma daga ƙasan shafi ta ce ya faɗe ta ita kaɗai. Ranar Litinin ina gane yaran da aka yi musu haka tun kafin in gama duba allunansu.

Elhadji Mahamadou: Madam, Allah ya saka da alheri, amma ina bayan Malam Issoufou. A binciken PASEC na 2014, wanda ya auna karatun yaran firamare a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, yaran Nijar da suka kai ƙarshen firamare da karatu gamsasshe ba su kai ɗaya cikin goma ba. Wannan ɓarna a cikin aji take, inda yara suka yi wa malami ɗaya yawa, kuma azuzuwan zana ba sa tsayuwa sai an gama girbi an samu kara, alhali tun Oktoba ake komawa. Kada a ɗauki laifin da ba na iyaye ba a aza musu.

Hajiya Rabi: Ni ban yi lakwal ba, ɗana ne yake rubuta mini wannan. Elhadji, ba wanda ya ce laifinmu ne, amma jikata da ke CE1, aji na uku, a wurin tuyar ƙosai ta koyi ɗebewa. Idan mai saye ya miƙo dala ashirin ya ɗauki na dala bakwai, ita nake sa wa ta ƙirga canji, kuma ba ta miƙa shi sai ta faɗa mini da baki cewa dala goma sha uku ne.

Madam Zeinabou: Hajiya, wannan shi ne aikin. Abu ɗaya zan ƙara: a aji da faran muke lissafi, saboda haka yayanta ya nuna mata cewa kowace dala faran 5 ce, wato 100 a ɗebe 35 saura 65. Yara da yawa a nan suke rikicewa, sun iya lissafin kasuwa sarai amma suna faɗuwa a kan takarda.

Malam Abdou, na kwamitin kula da makaranta: Ina tunatar da mu cewa aikin École pour tous, wato Makaranta don Kowa, da hukumar JICA ta Japan ta tallafa a jiharmu ya fara a 2004, kuma ginshiƙinsa shi ne jama'ar unguwa su zauna su tsara abin da za su yi wa makarantarsu da kansu. Gidan da babu mai karatu, a haɗa yaransa da na maƙwabta a zaure ɗaya, ɗalibin kwaleji ya tsaya a kansu. Takardar kuma a rubuta ta da Hausa. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, ba baƙon abu ba ne.

Malam Issoufou: Malam Abdou, wanda bai iya boko ba, ko da Hausa aka rubuta ba zai karanta ba. Na yarda da zaman zaure, na kuma yarda da abin da Hajiya take yi, amma takarda har yanzu ban ga amfaninta ba.

Madam Zeinabou: To, a bar takarda. Zan iya aiko saƙon murya ta WhatsApp kowace Juma'a, in faɗi baƙaƙen da muka yi da lissafin da ya ba yara wuya, wanda ba shi da babbar waya ya saurara a wurin maƙwabcinsa.

Malam Issoufou: Idan haka ne ban ƙi ba, da sharaɗin kuɗin intanet ɗin ya fito daga asusun iyaye, kada ya fito daga albashinki. Malam Abdou, a sa wannan cikin abin da za a tattauna a zaman kwamiti mai zuwa.