Neman kalmar Hausa: me za mu kira "wiped" da "missing" a shirye-shiryen talabijin na da?

Saratu Bala: Assalamu alaikum malamai. Ranar Alhamis za a naɗi shirinmu na rediyo kan tsofaffin shirye-shiryen kiɗa da nishaɗi na talabijin ɗin Birtaniya, irin su Top of the Pops da Ready Steady Go!, waɗanda yawancin na shekarun 1960 babu su yanzu. Kalmomi uku sun tsaya mini: "wiped", "junked", da "telerecording". Akwai kuma sunan gangamin neman irin waɗannan shirye-shirye da cibiyar fina-finai ta Birtaniya, BFI, ta fara a 1993, "Missing Believed Wiped". Na rubuta "gogaggun shirye-shirye", amma kunnena bai yarda ba.

Malam Isyaku Injiniya: Wa'alaikumus salam. Kunnenki ya yi gaskiya, gogagge ai ƙwararre ne. Kafin a zaɓi kalma a raba abubuwan, don hanyar halakarsu ba ɗaya ba ce. Na farko zaren bidiyo ne mai faɗin inci 2, wanda kamfanin Ampex ya fito da shi a 1956. Yana da tsada ƙwarai, don haka in an watsa shiri sai a bi da naɗin ta cikin na'urar maganaɗisu, hoton ya tafi, a ɗora sabon shiri. Zaren yana nan lafiya, abin da ke kansa ne ya tafi. Wannan shi ne "wiped". Na biyu, kafin a taɓa zaren, wani lokaci ana kafa kyamarar fim a gaban allo na musamman a kwashe shirin a kan fim mai faɗin milimita 16, domin sayar wa tashoshin ƙetare. Wannan shi ne "telerecording". Fim ba ya goguwa, sai dai a zubar ko a ƙona, kuma haka sashen cinikin BBC ya riƙa yi a shekarun 1970 da ciniki ya ja baya. Wannan ne "junked". Sai a 1978 BBC ta tsayar da tsarin adanawa. Shawarata: shafewa ga "wiped", zubarwa ga "junked".

Hajiya Binta Gusau: Shafewa ta zauna a matsayin aikatau: "an shafe kashi na kaza". Amma kar ki mai da ita sifa. In kika ce "shafaffun shirye-shirye" a rediyo, mai sauraro zai ji shafaffu da mai. Haka "ɓatacce": a rubuce ba a bambance wanda ya ɓace da wanda ya ɓaci, kuma a wannan fannin dukansu biyu suna faruwa.

Malam Tanko Zariya: Duk kun bar kalmar da ta tattara komai: salwanta. Dukiya ce ta salwanta. Salwantaccen shiri, salwantattun shirye-shirye. Shi kuma fim ɗin da aka kwasa daga allo, na daɗe ina ba da shawarar "tatsallo", daga tatsa da allo, tunda tatsar hoton ake yi. Gajeriya ce, Bahaushiya ce tsantsa, kuma tana karɓar jam'i: tatsalluna.

Malam Isyaku Injiniya: Malam, salwanta tana yanke ƙauna, alhali masu neman shirye-shiryen nan sun ƙi yanke ta da gangan. Shi ya sa suke cewa "Believed Wiped", wato ana zaton an shafe. Ga misali. Wasan mawaƙi David Bowie na waƙar "The Jean Genie" a Top of the Pops, Janairun 1973, an ɗauka ya tafi har abada, sai ga shi a 2011 a hannun John Henshall, mai kyamarar da ya yi aikin, wanda ya ajiye kwafi saboda wani gilashin kyamara na musamman da ya yi amfani da shi ranar. Fitowar ƙungiyar mawaƙan Beatles kai tsaye a shirin, 16 ga Yunin 1966, zarenta an shafe, amma a 2019 aka samu daƙiƙa 11 marasa sauti da wani ya ɗauka daga akwatin talabijin na gidansa da ƙaramar kyamarar milimita 8, daga baya wani ya kawo daƙiƙa 92. To wannan me za ki kira shi? Bai salwanta ba, bai kuma tsira ba. Shi ya sa rajistar masu bincike, irin ta ƙungiyar Kaleidoscope, take rarrabewa: cikakke, guntaye kawai, sauti kawai, ko babu komai. Dole Hausar ma ta iya ɗaukar matakan nan.

Malam Tanko Zariya: To ku ba ni amsa kan tatsallo. Kullum in Bahaushe ya ƙirƙiro kalma sai a yi shiru, amma in Bature ya haɗa "tele" da "recording" sai a karɓa hannu bibbiyu. Talabijin, bidiyo, kyamara, fim: jimla guda aro huɗu. Ina Hausar take?

Ɗan Damagaram: Gafarta Malam, ni ina bayan ƙirƙira, amma wa za a tambaya kafin a yanke? Mu nan "tele" muke cewa, kuma abin da kuke kira kyamara da fim ta bakin Faransanci suka zo mana. Kullum sai a yanke a Kano ko Kaduna, a ce ita ce daidaitacciya, mu kuma mu bi. Rediyon nan ana jin sa har Maraɗi.

Hajiya Binta Gusau: Ai mu ma na yamma haka ake mana, ba ku kaɗai ba. Amma Malam Tanko, faifai fa? Na rufe ƙwarya ne, aka ɗora shi kan na garmaho, yau har abin da ke cikin waya faifan bidiyo ake ce masa. Majigi kuma aro ce, amma wa zai ce ba Hausa ba ce yanzu? Kalma tana zama ne in baki ya karɓe ta. Tatsallo a kunnena ta yi kusa da tsalle.

Malam Tanko Zariya: Kusancin sauti ba hujja ba ce, Hajiya. In haka ne a soke fari da fara.

Malam Isyaku Injiniya: Mu koma kan aikin Malama Saratu, akwai abin da ya shafe mu kai tsaye. Waɗannan fina-finan milimita 16 har Najeriya aka sayar wa. Tsarin shi ne tasha ta nuna, sannan ta tura wa ta gaba, ko ta mayar Landan, ko ta lalata ta aika da shaida. Wasu ba a yi ko ɗaya ba, suka zauna a kan kanta. A 2013 aka sanar cewa Philip Morris, wani mai farautar tsofaffin fina-finai, ya gano kashi tara na wasan kwaikwayon BBC mai suna Doctor Who da aka rasa, a wata tashar talabijin a Jos. A fannin nishaɗi, ya samo kashi biyu na shirin barkwanci na Morecambe and Wise na 1968 a Saliyo, aka nuna su a 2018. Akwai kuma wani kashin nasu da ya samo a Najeriya wanda ya riga ya ruɓe. Fim irin wannan in ya sha zafi da laima yakan fitar da sinadari mai warin tsami, ya motse, ya manne da juna har ya zama dunƙule. Ba a iya warware shi ba, sai aka yanka shi gunduwa-gunduwa, aka ɗauki hoton cikinsa da na'urar X-ray a jami'ar Queen Mary ta Landan, aka riƙa ciro hotunan ɗaya bayan ɗaya da kwamfuta. Wannan shi ne wanda ya ɓaci, ga bambancin da Hajiya ta faɗa. In gwangwanin fim ya fara wannan warin a ware shi daga sauran nan take, don tururin yana hanzarta lalacewar na kusa da shi, a kai shi wuri mai sanyi marar laima, kuma kar a sa shi a majigi.

Shirye-shiryen kiɗa sun fi shan wahala saboda ba a cika sayar da su waje ba, haƙƙin mawaƙa da na makaɗa ya yi yawa, ga shi jerin waƙoƙin mako yana tsufa da wuri. Ba ciniki, ba kwafin fim. Abin da ya tsira sau da yawa guntu ne da wani shiri ya ara: ɗan wasan Beatles na "Ticket to Ride" ya rayu ne don an saka shi cikin Doctor Who a 1965. Da tashar BBC Four ta fara maimaita Top of the Pops a 2011, daga Afrilun 1976 ta fara, don daga nan ne ajiyar ta fara cika.

Ɗan Damagaram: To ai aikin nan gaba ɗaya cigiya ce. Abu ya ɓace, an yi shela, wanda ya gani ya kawo. Wannan kalmar daga Agadas har Yola babu wanda zai nemi a fassara masa.

Hajiya Binta Gusau: Madalla. "Ana cigiya, ana zaton an shafe." Kar dai ki ce "ana kyautata zaton", don ba alheri ake zato ba. Abin da aka samo kuma tsintuwa.

Malam Isyaku Injiniya: Cigiya ta yi. Tsintuwa ina da ja: tana nuna sa'a ce, alhali yawanci bin takardun ciniki ake yi tasha bayan tasha, a ga inda kwafi ya tsaya. "An gano" ta fi.

Saratu Bala: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan shiga da shi: an shafe zare, an zubar da fim, shirye-shiryen da ake cigiya, an gano. Matakai huɗu: cikakke, guntaye, sauti kawai, babu labari. "Telerecording" zan ce kwafin majigi, in yi bayaninsa sau ɗaya a farko. Salwanta zan ajiye ta ga wanda aka tabbatar an lalata kowane kwafinsa.

Malam Isyaku Injiniya: Kwafin majigi bai cika daidai ba, majigi na'urar haskawa ce, ba fim ɗin ba. Amma mai sauraro zai gane, a bar shi zuwa Alhamis.

Malam Tanko Zariya: Kwafi aro, majigi aro. Na karɓi cigiya, ita kam tamu ce. Tatsallo kuma ban janye ba, Malama, ko sau ɗaya ki ambace ta a shirin a ji abin da masu kiran waya za su ce.