Jawo waƙa ta rauta zuwa manyan sifiku: kowa ya faɗi yadda ya haɗa nasa

Bazazzagi:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da amfilifaya da dogayen sifiku biyu da na daɗe ina tara kuɗinsu, da DAC, wato na'urar da ke mayar da waƙar dijital ta zama sautin da amfilifaya ke karɓa, mai karɓar USB da coaxial. Faya-fayan CD sun cika kabad, na'urar da nake saka su kuma ta fara tsallake waƙa. So nake in kwashe su duka in zuba wuri ɗaya, in zauna a falo in riƙa zaɓa daga waya, ba tare da sautin ya ragu ba. Yanzu da Bluetooth nake ji, kunnena kuwa bai yarda da shi ba. Don Allah waɗanda suka yi irin wannan haɗi a gidajensu, kowa ya faɗi yadda ta kaya masa, musamman ku da kuke zaune inda wuta take zuwa tana tafiya.

Bakano:
Wa alaikumus salam, Malam. Kunnenka bai yi ƙarya ba. Faifan CD yana zubo kilobit 1,411 a daƙiƙa. Bluetooth na gama-gari, wanda ake kira SBC, bai cika wuce 328 ba, LDAC ma da ake yabo 990 ne ƙarshensa. Ka ga dole a datse wani abu kafin ya isa sifika.

Abu uku za ka haɗa. Rumbu inda waƙoƙin za su zauna, sai sitirima, wato ƙaramar na'urar da take jawo waƙa daga rumbun ta miƙa wa DAC, sai wayarka da za ta zama rimot kawai. Waƙar ba ta bi ta cikin wayar, shi ya sa ko an kira ka ba za ta tsaya ba. Ni rumbuna NAS ne, wato akwatin had-dis da ake jonawa a netwok na gida, na kamfanin Synology da manhajar MinimServer a kai, sitirimata WiiM Pro, ina sarrafawa daga waya da manhajar BubbleUPnP. Faya-fayan na kwashe su da manhajar Exact Audio Copy zuwa fayilolin sauti irin na FLAC, kuma ina barin AccurateRip ya gwada abin da na kwafa da na sauran mutanen duniya da suka kwafi faifai iri ɗaya, don in tabbatar babu inda ya karce. FLAC yana matse fayil ya koma kusan rabi ko ɗan fiye, amma babu abin da yake zubarwa. Faifai ɗaya yakan ci megabait 300 zuwa 400, don haka terabait ɗaya ya ɗauki faifai sama da 2,000.

Abin da zan fi jaddada maka shi ne kebul. Da farko da Wi-Fi na haɗa sitirimar, rauta, wato na'urar da ke raba netwok a gida, tana ɗakin karatu, bangon bulo biyu tsakaninta da falo. Da rana lafiya lau. Da an yi isha'i yara sun hau YouTube, sai waƙa ta fara tsinkewa. Na kira mai wayarin ya ja mini kebul ɗin netwok na Cat6 ta cikin silin, tun ranar ban sake jin ta tsinke ba. Ka dai duba kebul ɗin kafin ka biya: ka sa a fere bakinsa a kankare silin ƙarfen da wuƙa. In fari ya bayyana a ƙarƙashin jan, alminiyon ne aka shafa wa tagulla, kada ka karɓa.

Hajiyar Abuja:
Malam Bazazzagi, haɗa na'urori yini ɗaya ne. Aikin da zai cinye maka ƙarshen mako da yawa shi ne gyaran sunaye. Manhajar da kake zaɓar waƙa da ita ba ta duba sunan fayil, bayanan da ke cikinsa take karantawa: mawaƙi, kundi, shekara, lambar waƙa. Faya-fayan waje da sauƙi, MusicBrainz Picard yana gano yawancinsu ya cike da kansa. Namu na gida kuwa, waɗanda aka juyo daga kaset ko aka sayo a kasuwa, da hannu na cike kusan duka da Mp3tag.

Ga abin da ya fi ba ni wahala. Mawaƙi ɗaya sai ya fito mini gida uku, don a wani fayil an rubuta sunansa da ɗ mai lanƙwasa, a wani da d kawai, a wani an sa Alhaji a gaba. A tsofaffin fayilolin MP3 kuma ƙ da ɓ sukan koma alamar tambaya, saboda tsohon tsarin rubutun cikinsu bai san haruffanmu ba. FLAC ba shi da wannan matsala, da UTF-8 yake rubutu, tsarin da ya san haruffanmu. Ka zauna tun farko ka yanke yadda za ka rubuta kowane suna, ka rubuta a littafi, ka tsaya a kai.

Kuma kafin ka sayi sitirima ka tambaya ko tana haɗa fayil da fayil ba tare da gibi ba. Maigidana yana sauraron karatun Alƙur'ani da aka rarraba fayil-fayil, ni kuma ina da waƙoƙin da aka ɗauka a gaban jama'a. Na'urarmu ta farko takan yi shiru na ɗan lokaci a kowace mahaɗa, tafi ya yanke tsakiya ya dawo. Dole muka canza ta.

Na Ingila:
Ni Roon nake amfani da shi, wato manhajar tsara waƙoƙi da kunna su, a kan ƙaramar kwamfuta Intel NUC, na haɗa shi da Qobuz, dandalin sauraron waƙa ta intanet. Yana gauraya faya-fayanka da na intanet su zama ɗakin karatu ɗaya, ya nuna maka wa ya kaɗa ganga a wace waƙa, ka bi sunansa zuwa wani kundin. Tun 2015 yake, Harman ta saye shi a 2023. Hajiya, rabin aikin da kika yi da hannu shi zai yi miki.

Hajiyar Abuja:
Yallaɓai, zai yi mini a waƙoƙin da ya sani. Waƙar da aka ɗauka a gidan biki aka juyo daga kaset, a ina zai samo bayaninta?

Bakano:
Gaskiyar Hajiya ce. Sannan ɗan'uwa na Ingila, ka tuna kai intanet ɗinka ba a auna maka shi. Sa'a ɗaya ta FLAC mai darajar CD tana cin data kusan megabait 400. In ka hau 24/192, wato darajar da ta fi ta CD, sautin kafin a matse shi megabit 9.2 ne a daƙiƙa, ko an matse sa'a ɗaya sai ta haura gigabait 2. Mai sayen data da kuɗinsa a nan ba zai jure ba, ga kuɗin Roon ɗin da dala ake biya. Shi ya sa nake cewa wanda yake nan gida ya ajiye waƙoƙinsa a gida. Rauta tana raba su tsakanin ɗakuna ko da babu data ko kwabo a cikinta. Spotify, da ya shigo Najeriya a 2021, na bar shi don neman sababbi. Abin da ya kama raina sai in nemi mai kyau in zuba a rumbu.

Bakatsine:
Kun yi maganar komai ba ku taɓa wuta ba, alhali ita ce uwar matsalar. Da na gama haɗa nawa, in wutar gari ce shiru kake ji. Da an ɗauke mun koma inbata, sai taransifomar cikin amfilifaya ta fara gurnani, kana zaune a kujera kana jinta. Inbatar tawa irin mai arahar nan ce da wutarta ba ta fita sumul. Na canza zuwa wadda aka rubuta pure sine wave a jikinta, gurnanin ya tafi.

Na biyu, had-dis ba ya son a yanke masa wuta yana cikin rubutu. Na sa UPS ƙarama, wato batirin da ke riƙe na'ura in an ɗauke wuta, da take riƙe rauta da rumbu kaɗai, na haɗa ta da NAS ɗin ta USB, in batir ya kusa ƙarewa sai ya kashe kansa cikin tsari. Amfilifaya ba ta kan UPS ɗin, ta fi ƙarfinta.

Na uku shi ne wanda ya fi yi mini ciwo. Da damina an yi wata tsawa cikin dare. Duk na zare fulogi daga bango kafin in kwanta, amma kebul ɗin da ya taho daga eriyar intanet da ke kan rufi yana nan a jone. Da safe rauta ta mutu, ramin kebul na sitirima ya yi baƙi, har ƙaurin ƙuna yana tashi in ka kai hanci. Allah Ya taƙaita bai kai ga DAC ba. Yanzu in hadari ya haɗo, wannan kebul nake fara zarewa.

Ɗan Damagaram:
Mu nan zafi da ƙura ne abokan gabarmu. Duk na'ura mai fanka, kafin hunturu ya fita ta shaƙe. Ni ban sayi NAS ba. Raspberry Pi 4, wato 'yar ƙaramar kwamfuta, na sa a akwatin alminiyon marar fanka, na ɗora masa manhajar kunna waƙa moOde, na jona ma'ajiyar fayiloli ta SSD a gefe ɗaya, DAC a ɗaya gefen. Shi ne rumbun, shi ne sitirimar. Wutar da yake ci kaɗan ce, ƙaramar sola ta riƙe shi. In ya kai digiri 80 yakan rage gudu da kansa, amma kunna waƙa ba ya wahalar da shi, ko a watan Afrilu bai kai can ba. Sai dai yana son mai haƙurin karanta bayani. Wanda ba ya son wannan ya sayi WiiM ko Bluesound Node ya huta.

Na Ingila:
Abu ɗaya zan ƙara, ko da na san Malam Bakano ba zai yarda ba. Na sayi kebul na netwok na musamman mai tsada, kuma wallahi na ji sautin ya ƙara washewa.

Bakano:
Ban ce ba ka ji ba, ɗan'uwa. Amma fayil ɗin ƙunshi-ƙunshi yake tafiya, ana duba kowane ƙunshi, wanda ya lalace a sake aiko shi, sannan sitirima ta tara su kafin ta fara kunnawa. Abin da ya isa daidai yake da abin da ya taso. Inda kebul zai iya canza abin da kunne ke ji shi ne hayaniyar lantarki. Mai rigar ƙarfe a jiki yana iya haɗa layin ƙasa (earth) na na'urori biyu ya jawo ƙugi, marar rigar kuwa ba ya yin haka, don kowane ramin netwok akwai 'yar taransifoma da ta raba shi da na'urar. Wataƙila tsohon naka ne mai matsala. Ni in ina da wannan kuɗin, labule mai kauri da darduma zan saya wa falon, in janye sifikun daga bango.

Bazazzagi:
Allah Ya saka wa kowa da alheri. Na bi hanyar Malam Bakano, an ja kebul, sitirima ta iso, na fara kwashe faya-fayan. Amma ga wata sabuwa: kwamfuta tana ganin rumbun, waya kuwa ba ta ganin sitirimar sam, alhali fitilarta tana nuna ta hau netwok. Rauta biyu gare ni, ta kamfanin intanet da wata da na ƙara a sama don Wi-Fi ya kai ɗakuna.

Bakano:
To ga matsalar nan ka faɗe ta da bakinka. Rauta ta biyun ta kafa nata netwok daban. Na'urorin UPnP, wato tsarin da waya da sitirima da rumbu ke gano juna da shi, kira suke yi a cikin gida ɗaya su ji amsar juna, kiran kuma ba ya tsallaka rauta. Ka shiga saitin ta saman ka mayar da ita access point, wato mai yaɗa Wi-Fi kawai, ita ta ƙasa kaɗai ta riƙa raba lambobi. Ka duba kuma wayarka ba a kan Wi-Fi na baƙi take ba, don shi an yi shi ne ya hana na'urori ganin juna. In ta gani, ka ɗaure wa rumbu da sitirima lambar IP ɗaya a rauta, yadda in an ɗauke wuta an dawo ba za su canza mazauni ba.

Bazazzagi:
Alhamdu lillahi, ta gani. Ina mayar da ta saman, sunan sitirimar ya fito. Yanzu haka waƙa ce ke tashi a falo.

Hajiyar Abuja:
Madalla. Kafin ka yi nisa da gyaran sunaye, ka sayi had-dis na biyu na waje. Ko NAS ɗinka mai dis biyu ne, abin da ka goge a ɗaya ya gogu a ɗayan, tsawa kuma duka biyun za ta samu. Ni duk ƙarshen wata nake kwafewa, in zare shi in kai gidan Yaya. Faya-fayan CD ɗin ma kada ka bayar, ka zuba su a kwali ka ajiye inda rana ba ta kaiwa.