Tsohon silikon ya ƙi barin jikin jirgina na faiba, me ke cire shi?

Direban jirgi, Yauri:
Assalamu alaikum. Ina da jirgin faiba mai injin Yamaha da nake ɗaukar fasinja da shi a kogin Kwara. Na hannu ne, daga Legas aka kawo min. Mai shi na farko duk inda ya ga haɗi sai ya lafta masa silikon: gindin ƙarfen ɗaure igiya, bakin murfin ma'ajiyar kaya, kewayen gilashin gaba, har da notinan da suka riƙe katakon inji. Yanzu ya yi baƙi, ya fara ɗagowa, ruwa na tsattsafowa ta wajen notinan. Wani mai gyara ya kankare na sama ya zuba sabo, ba a je ko'ina ba ya saɓule kamar fatar maciji. Rayukan mutane nake ɗauka, hankalina bai kwanta ba. Don Allah me ke cire shi gaba ɗaya? An ce in bi shi da samfefa.

Mai gyaran faiba, Lokoja:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, ajiye samfefar nan tukuna. Silikon yana barin wani maiƙo da ido ba ya gani, kuma idan ka goga samfefa a kai, cusa shi kake yi cikin fatar faibar. Daga nan sabon gam ba zai kama ba, fenti ma in ka fesa sai ya yi ƙananan ramuka. Abin da ya saɓule maka aikin wancan mai gyaran ke nan: sabon silikon ba ya kama tsoho da ya riga ya bushe.

Kwance ƙarfen da notinan gaba ɗaya, kada ka yi aiki a gefensu. Wanda ya liƙe, zura zaren fatsa mai kauri ta ƙarƙashinsa ka riƙa ja hagu da dama, zai yanke gam ɗin ba tare da ya ɓanye faibar ba. Mai kaurin ka yanke shi da sabuwar reza a kwance, kusan ta manne da jikin jirgin, kada ka tsayar da ita. Sauran ka bi shi da tsohon katin ATM. Abin da ya rage siriri, jiƙa tsumma da kananzir ka ɗora a kai ya ɗan jima. Ba narkar da shi zai yi ba, kumbura shi yake yi ya saki, sai ka murza da yatsa ya dunƙule. Sannan ka wanke da ruwa da garin sabulu don kananzir ɗin ma mai ne, ka goge da asiton, wani ruwan sinadari mai cire maiƙo. Tsumman da ka goga sau ɗaya ka jefar, ka ɗauki wani. In ka maimaita shi, yaɗa maiƙon kawai kake yi.

Kafin ka sa komai, watsa ruwa a wurin. In ya shimfiɗu ya jiƙa wurin sosai, maiƙon ya fita. In ya tattaru ɗigo-ɗigo yana gangarewa, da saura, sake wankewa. Sai ya ci wannan gwajin ne samfefa za ta taɓa shi.

Mai fentin mota, Kano:
Maigida ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: gilashin gaban irin jiragen nan yawanci na roba ne. Asiton ko tina suka taɓa shi, zai yi hazo ya tsattsage, kuma babu gyara. Can sai katin roba, ruwan sabulu da haƙuri, ko reza kada ta je. Kuma a yi aikin a fili, nesa da tankin fetur da masu shan taba, asiton kama wuta yake yi nan take.

Direban jirgi, Yauri:
Allah ya saka da alheri. To in ya fita, me zan mayar? Silikon ɗin kasuwa da ake sa wa tagogi ne kawai muke samu a nan.

Mai gyaran faiba, Lokoja:
Wannan mai warin ruwan khal ɗin? Bar shi wa tagogin gida. Tsamin da yake fitarwa lokacin bushewa yana cin ƙarfe, kuma ba a yi shi don zama cikin ruwa ba. Aika Legas ko Fatakwal a sayo maka na jirgi, Sikaflex 291 ko 3M 4200, su ne na notinan da ƙarafan. Akwai 3M 5200, amma shi riƙon har abada ne, yana iya kai kwana 7 kafin ya gama bushewa, kuma ranar da kake son kwance abin sai ya taho da fatar faibar. Gilashin roban shi kaɗai ne ke son nasa daban, ka ce a ba ka Sikaflex 295 UV.

Notinan katakon inji su suka fi damuna. Idan ka zare su, soka ƙusa a ramin ka ji. Da yawan jiragen nan akwai filawud a tsakiyar faibar wurin, in ruwa ya daɗe yana shiga zai ruɓe. In ƙusar ta nutse ko ta fito da baƙin gari mai laima, kada ka mayar da inji, kuma kada ka ɗauki fasinja sai an canja katakon. In da ƙarfinsa, jawo jirgin tudu ka bar ramukan a buɗe su sha iska su bushe ƙarau kafin ka zuba gam.