Alawar auduga halal ce? An ce min akwai jelatin na alade a cikinta

Maman Yusra:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sani a cikinmu ku taimaka min. Alawar audugar nan da ake kaɗawa a inji a naɗe a jikin tsinke, wadda take narkewa da an sa ta a baki, halal ce? Ƙaramar 'yata tana matuƙar sonta, musamman mai ruwan hoda, ni kuma ban taɓa kawo komai a raina ba, a ganina sukari ne kawai. Sai wata ƙawata ta ce in daina saya mata, wai jelatin na alade (wani abu mai danƙo da ake samu daga fata da ƙashin dabba) ake sawa shi ya sa take da laushin nan. Tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. Na ɗauko irin wadda ake sayarwa a roba a rufe na karanta jikinta, ban ga jelatin ba. Sukari ne, sai kayan ƙamshi, sai E129 da E133, su kuma ban san me suke nufi ba. Ta tsinken da ake yi a gaban mutum kuwa babu ma rubutun da za a karanta. Ba na son in hana yarinya abin da Allah ya halatta mata, kuma ina tsoron in sa mata haram a ciki da hannuna.

Abu Fadil:

Wa alaikumus salam Maman Yusra. Ina jin ƙawar taki ta haɗa ta da mashmalo ne, wannan farar alawar mai taushi da take lotsawa idan an matsa. Ita ce ake yi da jelatin, kuma sau da yawa na alade ne. Alawar auduga ba ta buƙatarsa. Injin yana da ɗan kai a tsakiya, nan ake zuba sukari. Wuta ta narkar da shi, kan yana juyawa da gudu, sai narkakken sukarin ya riƙa fita ta ƙananan huji. Da iska ta buge shi sai ya daskare ya zama siririn zare, mai yin ya tattara da tsinke. Laushin daga iskar da ke tsakanin zaren yake. Tun 1897 da wani likitan haƙori, William Morrison, da mai sana'ar alawa John Wharton suka ƙera injin a Amurka, aikin bai sauya ba.

Lambobin da kika gani na kala ne. E129 ja ne, E133 shuɗi, dukansu a masana'anta ake haɗa su daga sinadaran man fetur, babu dabba a ciki. Wanda za ki lura da shi shi ne E120, ana kuma rubuta shi da sunan karmin. Shi ma ja ne, amma daga jikin wani ɗan ƙwaro ake samo shi, wanda ke rayuwa a kan wata shuka mai ƙaya, an fi kiwonsa a ƙasar Peru. Busar da ƙwarin ake yi a niƙa a tace jan. Hukuncinsa kuma na bar wa malamai.

Ɗalibin Ilimi:

Allah ya saka da alheri Abu Fadil. 'Yar'uwa, a fara da ƙa'ida: asalin abinci halal ne har sai dalili ya haramta shi. Allah ya ce a Suratul Baƙara, aya ta 29, shi ne ya halitta mana duk abin da ke cikin ƙasa. Sukari daga rake ko daga gwozar sukari yake, don haka wanda ya ce haram ne shi za a nemi hujja a wurinsa, ba ke ba. A hadisin Nana A'isha da Bukhari ya ruwaito, wasu sun ce wa Manzon Allah (SAW) ana kawo musu nama ba su san ko an ambaci sunan Allah a kansa ba, sai ya ce su ambaci sunan Allah su ci. Idan nama ke nan, wanda yake da sharuɗɗan yanka, ina ga sukari?

E120 kuwa da gaske akwai saɓani. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya suna hana cin ƙwari, ban da fara wadda nassi ya halatta. A wurin Malikiyya ƙwarin da ba su da jini mai gudana ba najasa ba ne, kuma ana iya cinsu idan an kashe su da niyyar ci tare da ambaton sunan Allah, kamar yadda ake yi wa fara. Majalisar malaman Indonisiya ta ba da fatawa a 2011 cewa wannan kalar halal ce matuƙar ba ta cutarwa, alhali wasu hukumomin tantance halal ba sa amincewa da ita. Ni dai ba na saya idan na gan ta a rubuce, tunda ga wani jan da babu magana a kansa, amma ba zan ce wanda ya ci ya ci haram ba.

Saura kayan ƙamshi. Wasu, kamar ruwan banila, da barasa ake narkar da su. Malamai da dama na wannan zamani sun sawwaƙa a kan ɗan kaɗan ɗin da ya ɓace a cikin abinci, wanda ko mutum ya ci da yawa ba zai bugu ba, wasu kuma sun fi son a nisanta. A alawar auduga abin ya ƙara sauƙi, domin barasa tana tashi a zafin digiri 78, sukari kuwa sai wajen digiri 186 yake narkewa. Allah ne mafi sani.

Ummu Khalil:

Malam, ina tare da kai, amma ni abin da ya fi tayar min da hankali ba ƙwaron ba ne. A watan Fabrairun 2024 jihar Tamil Nadu ta Indiya ta haramta sayar da alawar auduga, bayan gwaji ya nuna akwai Rodamin B a ciki. Wannan rinin tufafi ne da fata, ba na abinci ba, kuma ana danganta shi da cutar daji. Masu yi suna sa shi ne don yana da araha kuma yana ba da ruwan hoda mai ɗaukar ido, irin wanda yara ke so. Aya ta 168 a Baƙara ai ba halal kaɗai ta ce ba, halal mai daɗi mai tsarki ta ce. Abin da zai cutar da yaro ba sai da alade a ciki zai zama abin gudu ba. Maman Yusra, ta tsinken ce ta fi ba ni tsoro a kan ta robar.

Maman Yusra:

Alhamdulillah, kun sauke min nauyi, Allah ya biya ku. Ta robar dai na gane babu matsala. Amma Yaya Ummu Khalil, ta tsinken fa? Yaya zan yi in san kalar da mutum ya zuba? Ina jin nauyin in tsaya ina yi wa mai neman abincinsa tambayoyi kamar ina zarginsa.

Abu Fadil:

Ba zargi ba ne, haƙƙinki ne tunda 'yarki za ta ci. Ki ce ya nuna miki gwangwanin ko ledar kalar. Ta abinci tana da sunan kamfani da lambobin nan a jiki, sai ki duba ko da E120. Idan garin kala ne a ƙulle babu rubutu, ki ce ya yi miki fara. Zallar sukari zai zuba, a inji mai tsabta fara tas take fitowa, sai dai ki bari ya goge kwanon kafin ya kaɗa, don ragowar jan baya yakan manne a gefe.